Babi Na Shida: Zaɓen Laima Da Allo Idan Iska Ta Yi Rowa

A watan Agustan 2024, lokacin da sulun laima, wasan da laima ke jan mutum a kan allo bisa ruwa, ya shiga gasar Olamfik a karon farko, rashin iska ne ya zame wa masu shirya gasar ƙarfen ƙafa a gaɓar Marseille ta Faransa. Sau da dama sai a ɗage tsere, 'yan wasa su koma inuwa suna kallon tutoci sun langaɓe. Ellie Aldridge ta Birtaniya ta samu ta ci zinarenta ranar 8 ga wata, amma zagayen ƙarshe na maza bai kammalu a ranar ba, sai washegari Valentin Bontus na Ostiriya ya lashe nasa.

Duk da haka, wanda ya kalli tseren ya ga abin mamaki. Da zarar iska ta ɗan motsa, irin wadda ba za ta hana mutum karanta jarida a bakin teku ba, sai ka ga 'yan wasan sun miƙe suna keta ruwa da gudun da ya ninka na iskar kanta fiye da sau biyu. Mai kallo zai ce ai girman laimarsu ne, tunda wasu sun haura murabba'in mita 20. Girman yana da nasa rabon, ba a musu. Amma kaso mafi tsoka yana ƙarƙashin ƙafafunsu, cikin ruwa, inda idon mai kallo ba ya kaiwa.

Mu fara daidaita ma'auni. Masu wasan nan lissafin matuƙan jirgin ruwa suka gada, suna auna iska da not, wanda ɗaya ke daidai da kilomita 1.852 a awa. Ni da kilomita zan yi magana a babin nan, tunda shi muka saba da shi. Mutum mai nauyin kilo 75, da laima mai mita 12 da allo na yau da kullum, yakan samu sukuni daga kilomita 25 zuwa sama. Abin da ya yi ƙasa da 22 ya shiga sahun ƙarancin iska. Ƙasa da 15 sai mai kaya na musamman, ƙasa da 10 kuwa sai gwanaye.

Dalilin da ya sa 'yan kilomitocin nan suka zama babban lamari shi ne, ƙarfin da iska ke ba laima ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Haka nan idan ana sauka: iskar da ta faɗo daga kilomita 30 zuwa 20 sulusin gudunta ta rasa, amma a ƙarfi fiye da rabi ya tafi. Idan ta kai 15, rubu'i kaɗai ya rage. Sannan akwai abin da na'urar auna iska ba ta faɗa wa mutum. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau. Tsakanin ma'aunin zafi 15 da 30, nauyin iska yana raguwa da wajen kashi 5 cikin ɗari, danshi kuma ya ƙara rage shi kaɗan. Shi ya sa Bature zai taho da kayansa daga gaɓar Jamus, na'ura ta nuna masa adadin da ya saba shiga ruwa da shi a gida, ya ɗaga laima a ƙasa mai zafi ya ji ta saki jiki.

Babin nan ya fi shafar mu fiye da mazaunin Tarifa ta Sifen ko Cape Town, inda iska ke busawa har a gaji da ita. Gaɓar tekun da ta fi kusa da mu, daga Legas zuwa Akra, iskarta ta kudu maso yamma ce, kuma yawancin shekara a sanyaye take, sai tsakiyar damina take ɗan ƙara ƙaimi. Hunturun da ke kaɗa Kano da Damagaram kafin ya kai can ya gaji, in ma ya isa daga tudu yake busawa zuwa teku, irin iskar da mai hankali ba ya shiga ruwa da ita. Wanda zai yi wasan nan a yankinmu, ranakun rowa sun fi masa ranakun yalwa yawa.

To, me mutum ke yi idan ya gaji da zaman jiran iska? Kusan kowa abu ɗaya ke faɗo masa a rai: ya sayi laimar da ta fi tasa girma. Akwai ma wani ɗan lissafi da ake ba sababbin shiga wanda ke ƙara tura su can. Ka ninka nauyinka sau huɗu, ka raba da gudun iska a kilomita, abin da ya fito shi ne girman laimarka a murabba'in mita. Mai kilo 75 a iskar 30 zai ɗauki mita 10, a 25 ya ɗauki 12, a 20 ya ɗauki 15. Har nan lissafin yana kan hanya. Bi shi gaba kaɗan, a 15 zai ce ka nemi mita 20, a 12 ya ce 25. Kuma ma sassauci ya yi maka, don da ƙa'idar ninkin nan aka bi tsantsa daga mita 12 a iskar 25, mita 33 za a ce ka nema a iskar 15. Babu mai irin wannan laima a kanti, in ma akwai babu mai iya sarrafa ta.

Duba abin da ƙarin girma ke sayo maka. Daga mita 12 zuwa 17 ƙarin ƙyalle ne na kashi 42 cikin ɗari. Amma saboda ƙa'idar ninki, abin da zai rage maka a gudun iskar da kake buƙata kashi 16 ne kawai. Wato idan da mita 12 kana tashi a kilomita 24, da 17 za ka tashi a 20. Kilomita huɗu ke nan ka saya da kuɗin sabuwar laima, a takarda. A ruwa ba su cika kai huɗun ba, domin laima in ta girma nauyinta ya ƙaru, bututun gabanta da ake hurawa ya yi kauri yana tare iska, juyawarta kuma ta yi nawa. A farkon shekarun 2000 kamfanoni sun gwada wannan hanya, suka fitar da laimomi masu mita 20 da ɗoriya. Masu nauyi ne, ga taurin kai, kuma a lokacin babu hanyar rage musu ƙarfi sosai idan iska ta taso. Sai wajen 2005, da aka fito da sabon fasali mai shimfiɗaɗɗen baka daga zanen Bruno Legaignoux, wanda shi da ɗan'uwansa Dominique suka yi rajistar laimar hurawa tun 1984, sannan tura sandar da ake sarrafa laimar da ita gaba ya zama yana zubar da yawancin ƙarfin. Wannan ya rage haɗarin manyan laimomi. Bai rage musu nauyi ba.

Abin da ya kamata mai neman wasa a ƙarancin iska ya riƙe shi ne, laimar da ke tafiya iska biyu take sha: wadda Allah ya kawo, da wadda gudun mai wasan ya haifar. Ka ce iska na busawa daga gefenka da kilomita 15, kai kuma kana gudun 25. Abin da laimar ke ji ya kai kilomita 29, ƙarfinsa kuwa kusan ninki huɗu ne na wanda take samu kana tsaye. Gudu ke kawo ƙarfi, ƙarfi ya ƙara gudu. Sirrin 'yan Marseille ke nan. Duk wahalar tana cikin daƙiƙoƙin farko, kafin allo ya fito daga cikin ruwa ya hau samansa. Allon da bai taso ba ruwa yake turawa da ƙirji, kuma ruwan teku ya fi iska nauyi fiye da sau 800. Wanda amalankensa ya kafe a yashi yana iya ƙaro jaki na biyu, yana kuma iya fito da shi kan tsandauri inda jaki ɗaya ya ishe shi. Ƙara girman laima shi ne jaki na biyu.

Saboda haka allo ne farkon abin dubawa.

Allon da yawancin mutane ke hawa, mai kai biyu da ake tafiya da shi gaba da baya ba tare da sauya ƙafa ba, tsawonsa santimita 135 zuwa 140 ne, faɗinsa 41 ko 42. An lanƙwasa cikinsa daga kai zuwa kai don ya bi ƙananan igiyoyin ruwa a tausashe, ya kuma sauka lafiya bayan tsalle. Lanƙwasar nan alheri ce a iska mai ƙarfi, a ƙarancin iska kuwa birki ce. Allon ƙarancin iska akasin haka ake yin sa: dogo, mai faɗi, ciki kusan a miƙe, gefuna a tsaye ba tare da tsukewa a kai ba. Kamfanin Spleene na Jamus ya yi suna da irinsa mai suna Door, Flysurfer ma na da Flydoor, har masu wasa suka koma kiran duk irin allon ƙofa. Mai santimita 160 da faɗi 45 ya fi na yau da kullum fili da wajen kashi 30 cikin ɗari. Mai 165 da faɗi 50 ya kusa ƙara rabi. Faɗin ma ya fi tsawon amfani, santimita ɗaya a faɗi ya fi ɗaya a tsawo tasiri nesa ba kusa ba. Doguwar gefen da ke miƙe kuma ita ke riƙe ruwa ta ba mutum damar hawa iska, wato ya koma inda ya taso maimakon iska ta yi ta gangarar da shi har ya fito ya tako da ƙafa, allo a hammata.

Abin da irin wannan allo ke rage wa mutum a iskar da yake buƙata bai gaza abin da laima mai mita 17 ke rage masa ba, kuma kuɗinsa bai cika kai rabin nata ba. Ba ya fashewa, ba ya yagewa, rana ba ta cinye shi cikin 'yan shekaru. Aibinsa a fili yake. Idan ruwa ya yi gargada gwiwa ce ke biya, bakinsa yana watsa wa mutum ruwa a ido, tsalle da shi kuma ba daɗi. Wasu matasa ma kunyar riƙe shi suke yi a bakin teku, wai allon 'yan koyo ne. Su dai suke ƙarewa zaune a yashi suna kallon dattijo mai ƙofa yana kai da kawowa.

Akwai kuma allon hawan igiyar ruwa, mai gaba da baya, wanda ke da kauri har ya ɗan ɗauki nauyin mutum ko gudu ya ragu. Wannan kaurin yana taimakawa a wuraren da iska ke yankewa ta dawo, domin allon zai ci gaba da zamewa ya tsallake ramin. Sai dai ba kowane ba: siriri mai lanƙwasa da aka yi don manyan igiyoyi bai fi allon yau da kullum komai ba. Gajere mai faɗi, mai miƙaƙƙen ciki, shi ake nema. Yana buƙatar a koyi juya ƙafa a kansa, abin da ke cin 'yan makonni.

Sai babban wanda ya sauya wasan gaba ɗaya, wato foyil. Allo ne ƙarami da aka kafa wa doguwar ƙafa a ƙasa, a ƙarshen ƙafar akwai fiffike babba a gaba da ƙarami a baya. Idan gudu ya kai, fiffiken ya ɗaga allon da mai shi sama, babu abin da ya rage cikin ruwa sai fiffiken da ɗan guntun ƙafar. Nauyin ruwan nan da ke hana allo tafiya, a nan shi ke yin aikin. Fiffiken da faɗinsa bai wuce murabba'in santimita 1,000 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita, yana ɗaga babban mutum a gudun kilomita 16 ko 17. Da ya taso turjiyar ruwa ta faɗi warwas, ƙarar ruwa ta ɗauke, sai ɗan fito. A iskar kilomita 18, wadda mai allon yau da kullum ke fama da mita 17 yana nutsewa yana tasowa, mai foyil yana yawo da mita 10 ko 12, yana hawa iska ta kusurwar da wancan ba zai taɓa kaiwa ba.

Ba na ɓoye ra'ayina: wanda ƙarancin iska ne abincinsa na kullum, ƙarshenta foyil zai koma. Amma abu biyu nake so ya sani kafin ya ciro kuɗi. Na farko, sabon karatu ne. Duk abin da ƙafa ta saba, na danna dunduniya da jingina baya, a nan laifi ne. Nauyi a ƙafar gaba ake sa shi, a tsaya a miƙe. Za a sha faɗuwa, kuma fiffiken da ƙafar suna da kaifi, don haka hular kwano da rigar kare ƙirji ba ado ba ne. Masu koyarwa kan fara da gajeriyar ƙafa, santimita 45 zuwa 65, kafin a hau ta 85 ko 90. Ba a kuma fara koyo a ranar da iska ta fi rowa, don ɗan koyo yana yawan jefa laima a ruwa, a irin ranar kuwa in ta faɗa ta faɗa ke nan. Na biyu, foyil zurfi yake so.

Paje misali ne mai kyau a kan wannan. Ƙauye ne a gabashin tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, ɗaya daga wuraren da wasan ya fi kafuwa a Afirka ta Gabas. Iskarsa biyu ce, su ne dai waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai jiragen fatake Oman da Indiya suna dawo da su: kaskazi daga arewa maso gabas, daga Disamba zuwa wajen Maris, da kusi daga kudu maso gabas, daga Yuni zuwa Satumba, wadda ta fi ƙarfi. Ko a kakarsu ba masu hauka ba ne, yawanci tsakanin kilomita 22 ne da 37, kuma da safe sukan yi sanyi sai bayan azahar su ƙaru. Wuri ne da kayan ƙarancin iska ke ƙara wa baƙo ranakun wasa sosai. Kowa zai ce to ai foyil ya samu gida. Sai dai tsakanin gaɓa da shingen murjani fili ne mai faɗi marar zurfi, kuma a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa bambancin cikowar teku da janyewarta kan kai mita uku zuwa huɗu. Idan ta janye, inda ɗazu ruwa ya shanye mutum yanzu iyakarsa gwiwa, wani wurin ma yashi ne tsurarsa. Ga bushiyar teku, ga turaku da igiyoyin gonakin ciyawar teku da matan Paje da Jambiani ke nomawa tun 1989, abincin gidajensu ke nan ba filin wasan kowa ba. Mai ƙafar santimita 90 sai ya haɗa abu biyu a lokaci guda, iska da cikar ruwa, ba kullum suke zuwa tare ba. Mai ƙofa kuwa ruwan gwiwa ya ishe shi, ga shi a kwance lumui, wanda shi ne ruwan da allonsa ya fi so. Kafin ka tambayi wane kaya ya fi, ka san zurfin ruwan da za ka shiga da ƙarfe huɗu na yamma.

Tafiyar ruwan kanta tana cikin lissafi. Idan teku na janyewa ko cikowa ta mashigi, ruwan yana ɗauke da kai. A iskar kilomita 16, ruwan da ke tafiya da kilomita 4 yana tunkarar iska ya mai da ita 20 a wurinka. In kuwa bin ta yake yi, ya mai da ita 12. Tsakanin biyun ƙarfi ya kusa ninki uku, a wuri ɗaya, rana ɗaya, da kaya ɗaya.

Yanzu mu koma kan laima, tunda ba a ce ba ta da muhimmanci ba. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce kilo nawa take, kafin ka tambayi mita nawa. A ƙarancin iska aikin laima na farko shi ne ta tsaya a sama. Mai nauyi, da zarar iska ta ɗan numfasa, sai ta sulalo baya ko ta wuce kan mai ita ta kifo da baki, igiyoyi su saki. Babbar laimar hurawa ta gargajiya mai haƙarƙari biyar, wato ƙananan bututun da ke miƙar da ƙyallenta, takan kai kilo huɗu ko fiye. Masu ƙera kayan sun bi hanya biyu wajen rage wannan. Ɗaya ita ce cire haƙarƙari: daga biyar zuwa uku, zuwa ɗaya, har Airush ta taɓa fitar da mai mita 18 da ba ta da ko ɗaya. Mai haƙarƙari ɗaya tana shawagi da kyau, ta dace da foyil ƙwarai, amma idan iska ta ƙaru ƙyallenta yana karkarwa, kuma in ruwa ya kwanta a kansa tayar da ita sai an yi dabara. Ɗaya hanyar ita ce sauya abin da ake ɗinka bututun da shi. Shekara da shekaru dakron ake amfani da shi, har wani kamfani na Kanada mai suna Aluula ya kawo wani ƙyalle mai kusan rabin nauyinsa kuma ya fi shi tauri, wanda Ocean Rodeo ta fara sa shi a laimominta, daga baya Duotone da wasu suka bi. Taurin yana ba da damar sirance bututun, laima ta fi gudu. Amfanin na gaske ne, na ji shi a hannu. Farashin ma na gaske ne, yakan kusa ninka na dakron. Idan kuɗin na abu ɗaya ne, in aka ce in zaɓa tsakanin wannan ƙyalle da foyil, foyil zan ɗauka ban waiwaya ba.

Fasali ma yana magana. Doguwa siririya ta fi gudu, ta fi hawa iska, ta fi cin moriyar iskar da gudu ke haifarwa, amma tana juyawa a hankali kuma tana son hannun da ya san aiki. Gajeriya mai zurfin ciki tana ja tun daga farko, tana juyawa da wuri, tana tashi daga ruwa da sauƙi, sai dai janta na gangarawa ne. Da allo mai kai biyu, tsaka-tsaki ya fi. Ozone Zephyr, Cabrinha Contra da Duotone Juice duk don wannan aiki aka yi su.

Akwai kuma dangin da ba a hura su da famfo, iska ce ke shiga ta ƙofofin gaba ta cika ɗakunan da ke tsakanin ƙyalle biyu. Asalin dabarar ta Domina Jalbert ce, haifaffen Kanada da ya zauna a Amurka, wanda ya nemi rajistarta a 1964, ita ce kuma masu dirowa daga jirgin sama ke amfani da ita har yau. Irinsu 'yan Olamfik ke tashi da su. Babu bututu, babu balan-balan a ciki, don haka sun fi sauƙin nauyi kuma sun fi siranta, sukan tsaya a sama a iskar kilomita 9 ko 10 inda ta hurawa ta daɗe da faɗuwa. Na ruwa an yi musu murfi a ƙofofin don iska ta zauna, suna iya yin 'yan mintoci a kan ruwa a tashe su. In aka daɗe sai su sha ruwa, su zama kayan nauyi da za ka naɗe ka yi iyo da su, alhali ta hurawa ko ta ƙi tashi tana nan tana yawo, abin dafawa ce kuma ana hango ta daga nesa. Ga ɗimbin siraran igiyoyi masu son sarƙewa, ga jinkirin bushewa. Flysurfer Soul da makamantanta sun sauƙaƙa lamarin, amma ba zan ba wanda bai cika shekara yana wasa ba shawarar ya fara da su.

Abu mafi arha a duk babin nan shi ne igiya. Yawancin sanduna da mita 22 zuwa 24 suke zuwa. Ƙarin mita uku zuwa biyar yana faɗaɗa filin da laima ke kewayawa, ta samu doguwar hanyar tara gudu idan aka tsunduma ta, ta kuma ɗan kai sama inda iska ta fi ta ƙasa. Ladan ke nan. Kuɗinsa shi ne laimar tana jinkirin amsa hannu. Bayan mita 30 jan igiyar kanta ya fara cinye ribar. Ka kuma riƙa gwada tsawon igiyoyinka huɗu a turke ɗaya. Na baya sukan ɗan tsuke da tsufa, sai laima ta zama kullum a danne, tana sulalowa baya, mai ita yana zagin iska.

Hannu ma haka. Wanda ya ji ƙarfi ya ragu, jikinsa ke ce masa ya jawo sanda, wannan kuwa shaƙe laimar yake yi. A sake ta ta yi gudu, a yi ta kai ta sama da ƙasa, a fara bin iska da allo a kwance har gudu ya samu, sannan a danna gefe a hankali. Mutum biyu masu nauyi ɗaya da kaya ɗaya, ɗaya ya tafi ɗaya ya nutse, bambancin a nan yake.

Kada kuma sanyin iskar ya sa a saki jiki. Ranar rowa tana da haɗari iri biyu. Iska tana iya ɗaukewa ɗungurungum kana tsakiyar ruwa, don haka kada ka yi nisan da ba za ka iya dawowa da iyo ba, kuma ka iya naɗe igiya da kwanciya kan laima tun kafin ranar buƙata. Tana kuma iya yin akasin haka. Hadari in ya taso, iskar 18 kan zama 36 cikin 'yan mintoci, ƙarfi ya ninka sau huɗu, kai kuwa kana ɗaure da mita 17 a ƙugu. Da ka ga gari ya haɗe ta inda iska ke fitowa, ka fito ka sauke, kada ka jira ka ga abin da zai yi.

Ga yadda nake raba abin. Wanda bai kai kilo 70 ba, laima marar nauyi mai mita 12 da allo mai faɗi sun ishe shi, abin da ya wuce haka kaya ne kawai. Daga 70 zuwa 90, mita 14 ko 15 ce iyakar da ribar ke biyan wahalar. Mita 17 ta masu kilo 90 zuwa sama ce, ko wanda burinsa tsalle ne a iskar kilomita 22 ba yawo ba, kuma shi ma da allon da ya dace da nauyinsa. Wanda ke da ruwa mai zurfi da haƙurin komawa ɗan koyo, ya bar duk wannan ya nemi foyil mai fiffiken santimita 1,000 zuwa sama, ya hau da laimar da yake da ita.

Kafin ka biya kuɗin babbar laima, ka je makarantar wasan da ke kusa da kai ka yi hayar allo mai faɗin santimita 45 na yamma ɗaya, ka gwada shi da mita 12 ɗinka a iskar kilomita 20. Bayan nan sai ka yanke shawara.